Aron Almakashi

Tsohon tela yana kallon baƙon da ya tsaya ƙofar shagonsa: ido jajir, rigar ƙwallo mai lamba goma ta matse masa tumbi. Da gani direba ne, ya ajiye mota don makoki. Yana riƙe da jarida mai tsohon hoton ƙungiyar shahararren ɗan ƙwallon da ya rasu.

"Baba, ara min almakashi. Giya ta ci shi, amma wallahi ba a sake irinsa."

A hankali yake yanko gwaninsa, kamar mai yanke wa jariri farce. Ya bar sauran a tebur.

Tela ya ɗauki guntun. Ga shi nan shi kansa a hoton, yana saurayi, tsugune da safar gola. Shekara tara bai taɓa fashin atisaye ba.

"Malam," ya ce, "ba ni almakashina, akwai sauran yanka."