Zakaran da ke Kan Hajiya

A shekarun da na yi ina dillancin kayan adon ɗaki, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda aka kira ni gidan Malam Sani, a wani ƙauye bayan Bici. Malam ya gyara zaurensa bayan kaka, ya ce in samo masa abin ratayawa a bango. Sharaɗinsa ɗaya: kada a ga mai rai a ciki.

Ƙa'idarmu ita ce ka bar kaya kwana uku a gidan mai saye. Kowa yana iya fasawa. Amma in malami ya dawo maka da kaya don ka kai masa abin da ya hana, ka gama ciniki a yankin.

Na kai masa aikin Rabi, 'yar yayana mai koyar da zane. Ba gida, ba bishiya, sai ja da ruwan ɗorawa da baƙaƙen layuka suna ratsa juna. Kwana biyu aka aiko in zo. Na biya na ɗauki Rabi.

Hajiya, matar Malam, ta tare mu daga bakin ƙofa: "Alhaji, zakara ka kawo mana! Ga zankonsa nan ja."

Malam ya ce, "Ni dawa nake gani, iska ta kwantar da ita."

Ƙaninsa, tsohon direba, ya rantse mahaɗar titi ce.

Malam ya dubi Rabi. "Ke kika zana. Me ke ciki?"

Ta ce, "Baba, launi ne da layi kawai. Ƙwaƙwalwa ce ba ta son ganin abu ba suna, sai ta lalubo abin da ta saba da shi ta ɗora. Daɗin kallon ma a nan yake."

Malam ya ce, "Wa ke kiwon kaji a gidan nan?"

Hajiya ta ce, "Ni mana."

"To zakaran a kanki yake, Hajiya, ba a bangona ba."

Ta ce, "Kai ma ai dawarka ce ta kwanta bana!"

Har Malam sai da ya share hawayen dariya. Zanen ya zauna.

Tun daga ranar na daina gaya wa mai saye abin da ke cikin kaya. Ina ratayawa, in ja baya, in ce, "Me ka gani?" Wanda ya amsa, da wuya ya tafi hannu wofi.