Yaya Ishaya da shafin da ya ƙi yi masa magana

Bana shekara biyar ke nan da muka binne Yaya Ishaya. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Iyayenmu daga Dogonduci suka zo Yamai, a unguwar Harobanda muka tashi, kuma a nan ya yi aikin jinya har ya zama majo, wato shugaban masu jinya, kafin ciwon suga ya ɗauke masa gani.

Makanta ba ta karya shi ba. Abu guda ne ke ci masa rai: a karanta masa abin da ya shafe shi. Mutumin da ya saba riƙe sirrin marasa lafiya, ga shi yana miƙa takardar gwajin jininsa ga duk wanda ya samu kusa. Saboda haka da ya samu wayar portabul mai karanta rubutu da murya, murnarsa ba ta faɗuwa.

Shekarar da ƴarsa Rifkatu za ta yi jarrabawar brebe, lakkol, wato makarantarsu, ta nemi kwafin takardar haihuwarta. A wata gunduma ta tsallaken kogi aka haife ta, kuma an ce ma'aikatar gundumar ta buɗe shafin intanet mai duk bayanin da ake buƙata. Ina gefensa a tsakar gida ya shiga shafin. Wayar ta yi ta maimaitawa da Faransanci, "hoto, hoto, maɓalli, hoto," ba tare da ta faɗi na mene ne ba. Na ce ya kawo in duba masa.

"Auta, ke kina nan yau," ya ce. "Wanda ba shi da kowa fa?"

Takardar dai ni na je na karɓo. Amma shi bai bar maganar ba. Ya riƙa ɗaukar sandarsa yana hawa taksi, daga wannan biro, wato ofis, a tura shi wancan, har ya dace da Hadiza, wata matashiya ƴar unguwar Kalley, asalin iyayenta Damagaram, wadda ke kula da shafin. Ya ajiye wayar a kan teburinta ya kunna. Ta saurara, sannan ta ce, "Majo, don Allah sake kunnawa. Ban taɓa jin aikina da kunne ba."

Daga nan suka fara. Ita ta gyara, ta sa wa kowane hoto da maɓalli suna, shi ya saurara ya ce ya yi ko bai yi ba. Ba kullum ake rabuwa da daɗi ba. Yaya mutum ne mai gaggawa, ita kuwa tana da shugabanni da sauran ayyuka a kanta. Akwai ranar da ya dawo yana faɗa, ya ce ya bar zuwa har abada. Sati bai cika ba ya koma. Da azumin su Hadiza ya kama, duk zafin da ake yi ba ya shan ruwa a gabanta, ko da yake likita ya hana shi zama da ƙishi. Sai da ta gane, ta riƙa ajiye masa gorar ruwa ta fita waje.

Aikin bai ƙare ba ƙodarsa ta gaza, ya rasu. Hadiza ta zo gaisuwa, ta zauna cikin matan majami'armu da hijabinta, ta yi kuka kamar ƴar gida.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce yau. Yanzu shafin yana karantuwa daga farko har ƙarshe, mai raunin ido yana iya ƙara girman rubutu. Zai ji daɗi, na sani. Amma zai tambayi dalilin da ya sa har yanzu, a wurare da dama, ake ɗaukar hoton sanarwa a liƙa ba rubutu. Zai tambayi makomar abokansa makafi da ba su yi lakkol ba, waɗanda Hausa ko Zabarmanci kawai suke ji. Zai tuna da kurame da bidiyon da ba fassara. Murnarsa ba za ta wuce yini ba, ya sake neman taksi.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba, kuma babu inda aka rubuta sunansa a shafin nan. Na daɗe ina jin zafin haka.

Watan jiya na je suna a unguwar Bobiel. A cikin rumfa na ga wata dattijuwa makauniya, malamar makaranta da ta yi ritaya, waya a kunnenta, tana neman ranar rigakafin jikarta a shafin gundumar nan. Da ta samu, ta ce wa ta kusa da ita, "Wanda ya tsara abin nan ya san da mu."

Na kasa daurewa, na ce yayana ne ya tsaya a kai. Ta tambayi sunansa, ta tambaya ko yana da rai. Na gaya mata.

"Allah ya ji ƙansa, ƴata," ta ce.

Ta mayar da wayar kunnenta. Akwai sauran abin da take son dubawa, kuma ba ta nemi in taimaka mata ba.