Farar Giyar Maƙwabcina da Ban Taɓa Ɗanɗanawa Ba

Shekarun baya, lokacin muna zaune a McLeansville, wani ƙaramin gari a ƙasar Turawa, ina da wani maƙwabci, dattijon Bature. Gidansu manoman taba ne tun daga kakansa. Da kasuwar taba ta mutu, sai ya dasa inabi a bayan gida, yana haɗa farar giya a wata rumfa, ba don sayarwa ba.

Ranar da ya fara miƙo min kwalba, hannu biyu na sa na karɓa, har da ɗan rusunawa. Babba ya ba ka abu, da wane baki za ka ce ba ka so? Haka aka rene ni. Matata kuwa a bakin ƙofa ta tare ni.

"Malam, wannan ba za ta shigar min gida ba."

Na zagaya bayan gareji na tsiyayar da ita a ƙasa, na yi istigfari. Washegari ya tambaye ni yadda na ji ta. Ni da ko shinshinawa ban yi ba, na ce ta yi daɗi, sai dai akwai ɗan tsami. Na ƙara tsamin ne don ƙaryar ta zauna da kyau. Ya gyaɗa kai, ya ce zai gyara baɗi.

Shekara uku muna haka. Ya kawo, in zubar, in yi sharhi kamar wanda ya gaji sana'ar.

A shekara ta huɗu ya kira ni rumfar. Ya tsiyayo kofi biyu daga ganga biyu, ya ce in zaɓa masa wadda za a sha a bikin jikarsa. Ya zuba min ido yana jira. Ban ɗauki ko ɗaya ba.

Na ce, "Baba, ka yafe min. Ni Musulmi ne, ba na sha. Ban taɓa kai ta bakina ba."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya zauna a kan kifaffen bokiti, ya gaya min tun da aka yi masa maganin ciwon maƙogwaro harshensa ya daina jin ɗanɗanon komai. Matarsa ce take ɗanɗana masa, ta rasu kafin mu tare a unguwar. Ya ɗauka ya sami wanda zai maye gurbinta.

Ya kalli kofunan ya ce, "Ashe tun da ta tafi ba wanda ya san abin da nake yi."

Ban taɓa nadamar ƙin sha ba, ko yau aka dawo ba zan sha ba. Abin da yake cina har yanzu shi ne kunyar da na ɗauka ladabi ce. Da na gaya masa gaskiya tun ranar farko, da ya ji ba daɗi na ɗan lokaci, ya nemi wani. Ni na hana shi nema, har shekara uku.