Hannun da Ya Fito a Hoton Kulob

Jiya 'yata tana gyara akwatina ta ci karo da hoton kulob ɗinmu na ƙwallo, wanda muka ɗauka tun ba a yi Jihar Neja ba. Ta nuna gefe guda, ta ce, "Baba, wannan hannun na wane ne?"



Hannun wani tsohon baduku ne na bakin kasuwa. Ƙwallo ɗaya gare mu, ta fata, kusan duk mako sai ta yage, shi yake ɗinke ta. Har yau ina jin warin jima na rumfarsa, ina ganinsa yana lasar zare kafin ya zura a basilla. Maganarsa kullum ita ce, "Kawo ta nan, ba ta mutu ba tukuna."

Ranar da muka ci 'yan garin Salka aka kira mai hoto. Tsohon ya taho da murna riƙe da ƙwallon, ya tsaya kusa da ni. Ni ne kyaftin. Na dubi rigarsa duk tabon rini, na ce, "Baba, ɗan matsa, na 'yan wasa ne."

Ya ce, "To, ɗana." Ya matsa, amma ya miƙo ƙwallon don ita ta fito.

Mako na zagayowa ya ɗinke ta kamar kullum. Har ya rasu ban ba shi haƙuri ba, kuma wannan hannun shi kaɗai ne hotonsa a duniya.

Allah ya yafe mini. Shi kuma Allah ya ba shi wuri a Aljanna, inda ba mai ce masa ya matsa.