Ranar da Baba Ƙwanƙwasa Ya Ari Kunne

Shekara arba'in ya yi yana gini, amma ba da ginin aka san shi ba. Duk wanda zai sayi gida sai ya nemo shi, shi kuwa ya bi bango da 'yar gudumarsa yana bugawa, daga ƙarar ya san inda filasta ta saki da inda ruwa ya ci. Daga nan aka laƙaba masa Baba Ƙwanƙwasa.

Shekara biyu ke nan kunnensa na hagu ya mutu, na dama kuma sai shuu kamar famfo a buɗe. Matarsa kaɗai ta sani. In aka zo nemansa sai ya ce gwiwa ce ta hana shi.

Sai ga autarsa, malamar jinya, ta sami gida mai ɗaki uku kusa da wurin aikinta.

"Baba, ban amsa wa kowa ba sai ka gani," ta ce.

Ya ce to.

Ranar da suka je, dillalin ya tarye su a ƙofa, mutum mai baki kamar rediyo. Baba yana ganin leɓensa na motsi, yana gyaɗa kai a inda yake zaton ya dace. Ya buga bangon falo. Ya ji guduma a hannunsa, a kunne kuwa babu komai. Ya sake bugawa. Ga auta tana kallonsa kamar alƙali zai yanke hukunci. Saura kaɗan ya ce lafiya lau, a tashi. To amma in rufi ya faɗo wa jikokinsa, wa zai ce ya cuce su?

A ɗakin ƙarshe ya lura fentin ƙasan bango ya fi na sama sabunta. Ya dafa tafinsa, ya ji sanyi, alhali rana na dukan wannan gefen tun safe.

"Auta, zo nan." Ya yafito ta da hannu. "Ba na ji. Na daɗe ba na ji. Ara min kunnenki."

Ta matso kusa da kunnensa na dama, ta ɗaga murya. "Haba Baba! Ni da nake asibiti ka ɓoye wa?"

"Faɗan ya jira mu je gida. Kara kunnenki nan."

Ta kara, ya buga sama.

"Kamar dutse," ta ce da ƙarfi.

Ya sauko ƙasa.

"Nan kamar ana buga bokiti ba ruwa."

Haka suka bi bangon taku-taku, yana yi wa duk inda ta ce bokiti alama da alli. Kafin su kai kusurwar ɗakin, alli ya ci rabin bango.

"Ai ɗan danshi ne, Baba, kowane gida da nasa," in ji dillali.

"Me ya ce?"

Ta maimaita masa.

"Ce masa in ɗan danshi ne, me ya sa aka yi masa kwalliya?"

Ya zagaya baya. Bututun da ke sauko da ruwan rufi ya karye, yana zubarwa a gindin bango, ƙasar wurin ta lotsa. Abin da bai sani ba shi ne ko ruwan ya kai ga tushe. Ya ce sai an haƙa. Mai gidan ya yi kwana huɗu yana ja, dillali na ta aiken cewa akwai wani mai so. Auta ta rame, Baba ya kasa cin abinci, yana tsoron ya sa ta rasa gida a banza.

A rana ta biyar aka haƙa. Ya sauka ramin da kansa, ya caka ƙarfe, ya murza siminti tsakanin yatsu. Tushe bai taɓu ba. Mai gidan ya yarda ya kankare filastar ya gyara bututun kafin a sa hannu.

Ta sayi gidan. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, don wannan karon da gaske gwiwa ba ta bar shi ya hau cikin silin ba, surukinsa, mijin auta, ne ya leƙa ya ce ba gara. Da damina ta faɗi, sau uku yana zuwa cikin ruwa tsamo-tsamo, ya tsaya tsakiyar ɗaki yana kallon sama. A na ukun surukin ya yanko masa nasa makullin gidan, don ya daina tsayuwa a ƙofa yana jiƙewa.