Kwamfutar Ɗan'auta a Ramin Duhan

Indo mai kisra ba ta san ko inda ake kunna kwamfuta ba, amma duk ƙauyen, da ke yamma da Hasahisa, babu macen da ta kai ta sanin farashin kayanta. Shekara ashirin ke nan tana durƙushe gaban murhu a bakin tasha tana shafa ƙullun kisra, siririyar wainar dawa mai faɗi, hayaƙi ya cinye mata ido, zafi ya ƙone mata 'yan yatsu. Mijinta Abdussalami ya tafi arewa haƙar zinariya tun ɗansu Ziyad yana rarrafe, rami ya rufta da shi, ko gawarsa ba a kawo ba. 'Ya'yanta mata sun yi aure sun watse, sai Ziyad ya rage mata, wanda har ya yi gemu ba ta daina ce masa Ɗan'auta ba.

Ranar da ya ce shi ma zai bi motar masu zinariya, Indo ta ƙona kisra uku a jere. Da ta matsa masa ya faɗi abin da zai zaunar da shi a gida, sai ya ce kwamfutar wasa. Zai harhaɗa ta da hannunsa, ya ajiye a shagon kawunsa, samari su riƙa biya suna buga ƙwallo da tseren mota. Ita a ganinta shirme ne tsagwaronsa, ƙato da shi yana maganar wasa. Amma shirmen da ake yi a gaban idonta ya fi mata ramin arewa sau dubu.

Ta gaya masa iyakar ƙarfinta: kwasar sanduƙ ɗinta, wato adashen matan tasha, da akuya biyu. Ko fam ɗaya ba za ta ƙara ba, domin babu. Ziyad ya zauna da takarda yana rubutawa yana sokewa har sati uku. Rabin kuɗin ya ware wa katin hoto, ya ce shi ne ran wasan. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da babban allon da ake dasa komai a kai, ya ce na hannu za su saya a kasuwar Madani. Ya haƙura da allon kallo, tsohuwar talabijin ɗin gida ta isa. Akwatin da za a zuba su kuwa, wani abokinsa ya ba shi mai lanƙwasasshen murfi. Da yake fam kullum faɗuwa yake yi, abin da ya shigo hannu a ranar ake sayen wani abu da shi. Haka kayan suka riƙa shigowa ɗai-ɗai, kowanne cikin ledarsa mai ƙyalli. Indo takan tsaya ta ƙare musu kallo, ta ce wai wannan ɗan faifan ne ya cinye mata akuya.

Saura fankar sanyaya kwamfutar kawai masu bindiga suka shigo yankinsu na Jazira. Ziyad ya fita neman motar da za ta kai su wajen dangi a Rusairis, ya bar mata saƙo ta ɓoye kayan, don a shingen hanya ƙwace irinsu ake yi. Indo ta duba ɗaki, ta duba rumbu, duk ba su kwanta mata ba. Sai idonta ya faɗa kan ramin duhan da ke cikin rumfa, ramin da mata ke kunna itacen ɗalhi su zauna a kai su turara jiki. Ta tabbata babu namijin da zai zura hannu a ciki. Nan ta ji daɗin wayonta. Sannan ta yi abin da kowace mace mai hankali za ta yi: ta san leda tana sa kaya gumi, ta sha ganin yadda take ruɓar da busasshiyar kuɓewa. Ta zare kowane abu daga ledarsa, ta naɗe su a tob ɗin aurenta, mayafin da ba ta da kamarsa, ta saka a ramin ta rufe da tabarma da ƙasa.

Sun yi fiye da shekara kafin su dawo. An kwashe gadaje, an ɓalle ƙofa, har kwanon rufin rumfar an yaye. Ramin kam babu wanda ya taɓa shi, ta yi gaskiya. Sai dai damina guda ta zuba a cikinsa. Ziyad ya warware tob ɗin a hankali, yana yagewa a hannunsa. Katin ya yi kore, allon ya yi tsatsa, laka ta cike kowane ɗan rami. Ya tambayi ina ledojin, ta gaya masa dalilinta.

"Ba komi, Inna," in ji shi. "Ba mushkila. Shina gyaruwa."

Da ya yi mata faɗa da ta fi jin sauƙi. Ya kai su Madani wajen masu gyara, ya dawo hannu wofi, ita kuma ba ta tambaya ba. Bayan kwana tara ya durƙusa gabanta da jakarsa a kafaɗa, zai bi motar masu zinariya.

"Ni na ɓata, Ɗan'auta. Ka dakanta mini, in sake shiga sanduƙ."

"Ba ke ba ce, wallahi. Halas, ya wuce, ki yi mini addu'a kawai."

Zuciyarta ta karye a wurin, amma ta sa masa albarka, domin ba ta da sauran abin da za ta riƙe shi da shi.

Indo ta koma bakin tasha. Akwatin nan mai lanƙwasasshen murfi, da ɓarayi suka raina, yana ɗakinta tana goge shi kowace Juma'a. Ziyad yakan kira idan ya hau tudun da waya ke kamawa, wani lokaci sai a yi wata biyu shiru. Takardar lissafinsa tana ƙulle a bakin mayafinta duk da ba ta iya karanta ta ba. Watan jiya ta kai ta wani shago a Hasahisa, mai shagon ya karanta mata farashin yau, ta ji katin kaɗai ya fi ƙarfin kisrar shekara biyu. Ta ce ya nuna mata abin da ya fi araha a takardar. Fanka ce, wadda dama ita ta rage. Ta saya ta kawo gida ta sa a cikin akwatin. Ba ta cire ta daga ledarta ba.