Ragamar Motar Toktosun

Toktosun ɗan Asanali, Allah ya jiƙansa, mai kiwon ƙudan zuma ne a ƙauyenmu da ke kusa da At-Bashi. Gajere ne, ba shi da yawan magana, hannuwansa kullum a kumbure da harbi har ya daina lura. Shekara sittin da takwas ya yi a duniya, talatin da ɗaya daga ciki da mota ɗaya ya yi su.

Motar ta gonar gwamnati ce tun zamanin Sobiyet, shuɗiya mai farin hanci. Da aka rushe gonar aka raba kaya, wasu suka samu tumaki, wasu garma, shi kuwa da yake shi ne direbanta aka ce ya tafi da abarsa. A shekarar ya gina tarago a kan tayoyin wata tsohuwar tirelar ciyawa: amya arba'in jere hagu da dama, sai ɗan ɗaki a gaba mai gado biyu da murhun ƙarfe. Matarsa Burul ta ɗinka labulen tagar. Duk watan Yuni da asuba sai ya toshe ƙofofin amya, ya ɗaura taragon a bayan motar, su haura dutse zuwa kwarin da furanni suke. Can suke zama har sanyi ya koro su a Satumba. Bai taɓa hawa ba tare da Burul ba.

A saukowarsu ta bara waccan, a lanƙwasa ta uku, ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Taragon da zumar wata uku a ciki ya dinga turo motar daga baya. Ya karkata sitiyari ya goga gefen motar da bangon dutse, ƙarfe na kuka, har Allah ya tsayar da su. Amya biyu suka fashe. Burul ta sauka, ta gyara ɗankwalinta, ta tsaya tana kallon ramin da ke ɗaya gefen.

“Tsoho,” ta ce, “ni da wannan motar mun gama. Ka zaɓa.”

Daga nan Toktosun ya shiga ruɗu, kuma duk lokacin ƙanƙara a cikinsa ya yi shi. In ya riƙe motar, Burul ba za ta shiga ba. In ya sayar, babu abin da zai ja taragon. Ƙananan motocin da ake kawowa yanzu ba su da nauyin riƙe shi a gangara. Masu tarakta kuwa sai ranar da suka ga dama suke zuwa, lokacin furanni sun fara zuba, kuma gudu suke yi har saƙar zuma ta karye a cikin amya. Birkin ma ba gyaruwa yake ba, don kayan irin motar sun ƙare a shagunan birnin Narin. Sau huɗu ana yi masa faci.

Ɗansu Kubat, da ke aiki a Rasha, kullum ya bugo wa mahaifinsa waya maganarsa ɗaya ce. Ata yake kiransa, wato baba.

“Ata, ku sayar. Ku ajiye ƙudan a bayan gida, ku huta.”

“A bayan gida me za su ci? Albasar uwarka?”

“To ku sayar da ƙudan ma.”

Sai Toktosun ya miƙa wa Burul wayar ya fita.

Da safe zai ce ya yanke shawara, sayarwa zai yi. Da azahar a gan shi a ƙarƙashin motar da sifana. Akwai ranar da ya wanke ta tas don kasuwa, da ya gama ya tsaya ya dube ta, ya ce ai ba ta tsufa yadda ake faɗa ba, ya mayar da ita rumfa. Abokinsa Jolcu mai walda, wanda suka shiga makaranta rana ɗaya, ya ce masa:

“Kai wai motar ce ba ta da birki ko kai ne? Kullum kana gangarawa ba ka tsayawa wuri ɗaya.”

“Kai da ko jaki ba ka taɓa mallaka ba, me ka sani?”

“Na san na yi wa wannan gawar walda sau ashirin ba ka taɓa ba ni ko cokalin zuma ba.”

Ƙarya ce, duk shekara tulu guda yake kai masa. Haka suke tun suna yara.

A watan Afrilu, ranar Lahadi, Burul ta ajiye masa farar hularsa ta zuwa kasuwa a kan tabarmar shayi. Ya gane. Ya ɗauki Jolcu suka tafi kasuwa, can bayan inda ake sayar da dawaki, wurin da ake jera motoci.

Mutum ɗaya ne ya tsaya da gaske, Orozali, mai dakon kwal da ciyawa daga ƙauyen ƙetaren kogi, ɗan shekara arba'in da wani abu. Ya buɗe hancin motar, ya saurari injin, ya shiga ƙarƙashi ya fito.

“Baike, birkinta fa?” ya ce. Baike wato yaya, haka ake kiran na gaba a wajenmu.

“Ba ta da shi,” in ji Toktosun. “Saura kaɗan ta kashe ni da matata.”

Jolcu ya taka masa ƙafa. “Ba a tambaye ka tarihi ba.”

Orozali ya yi dariya. Ya ce yana da irinta a gida, injinta ya mutu amma ƙafafunta lafiya lau, zai haɗa biyun ya samu ɗaya. Jolcu ya kama hannuwansu ya haɗa, aka fara girgizawa, kamar yadda ake ciniki a wajenmu. Orozali ya faɗi kuɗi, Jolcu ya ce a ƙara, ana ta fizgar hannu sama da ƙasa har kafaɗar tsohon ta fara ciwo. Mutane suka taru suna cewa a sallama. Toktosun ya faɗa daga baya cewa bai san lokacin da ya ce ya sallama ba, ya dai ji an yarfar da hannunsa, alamar ciniki ya faɗa, kowa na shafa fuska yana cewa Allah ya sa albarka.

Orozali ya miƙo hannu don makulli. Toktosun ya zaro shi, sai ya tsaya.

“Bari in cire ragamata tukuna.”

Kowa a wurin ya san ba a sayar da doki da ragamarsa. Mai saye da igiyarsa yake zuwa, mai sayarwa ya koma gida da tasa, don kada albarkar gidansa ta bi dabbar. Amma ba wanda ya taɓa jin an yi haka da mota.

“Wace ragama, baike?”

Toktosun ya zagaya baya ya dafa ƙugiyar da yake ɗaura taragon. “Wannan. Da ita ake ja.”

“Ai ragama a gaba take,” wani ya ce daga cikin taron. “Wannan wutsiya ce.”

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Orozali ya ce ba komai, ya cire, shi ba ja zai yi da ita ba. Toktosun ya ɗauko sifana ya durƙusa, sai ya ga babu noti ko ɗaya. Ya manta. Shekara ashirin da suka wuce ƙugiyar ta taɓa kwancewa a hanya, ya sa aka narka ta da ƙarfen gindin motar, aka ƙara mata faranti sama da ƙasa.

“Wane mahaukaci ne ya yi wannan aikin?” ya tambaya.

“Ni ne,” in ji Jolcu. “Kana tsaye a kaina kana cewa in ƙara, kada ta sake fita har tashin duniya. To ga shi.”

“Yanke ta.”

“In na yanke ta sai na yanke ƙarfen da ke riƙe da bayan motar. Kwal ɗin farko da ya ɗora, ta buɗe kamar littafi.”

Orozali ya ce in haka ne kada a taɓa. Toktosun ya ce in haka ne ba zai bar ta ta tafi ba. Orozali ya ce to a fasa cinikin. Toktosun ya ce ina, an yarfar da hannu a gaban mutane, shi bai taɓa cin maganarsa ba, ba kuma zai fara da furfura ba.

“To me kake so, baike?”

Toktosun ya dubi makullin da ke hannunsa, ya dubi ƙugiyar. Waɗanda suka san shi ba su taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda ya farka a gidan da ba nasa ba.

“Ban sani ba,” ya ce.

Jolcu ya ba da shawarar ya ɗauki madubi ko murfin lagireto a madadin. Ya ce madubi ba ragama ba ne, kada a mayar da shi yaro. Aka kira wani dattijo mai sayar da sirdi. Dattijon ya zagaya motar sau biyu, ya ce shi dai a dawaki ya san hukuncin, ya koma rumfarsa. Har kasuwa ta watse suna nan. A ƙarshe Toktosun ya tura wa Orozali makullin, ya karɓi kuɗinsa bai ƙirga ba, suka koma gida a motar haya.

Kwana tara ya yi ba ya cin abincin kirki. Yakan zauna a matakalar taragon yana kallon inda mai ya ɗiga ya yi baƙi a rumfa. Burul ta samu abin da ta nema, amma ita ma ba ta ji daɗinsa ba. Ta cire labulen taragon ta wanke, ta ninke, sai kuma ta mayar da shi.

Rana ta goma Orozali ya zo da burodi da kwalin shayi. Aka zauna, aka zuba masa, ya sha kofi biyu kafin ya yi magana.

“Baike, mahaifiyata ta hana ni sakat. Ta ce na shigo mata da albarkar gidan wani, ba za ta kwana da ita a tsakar gida ba. Jiya saniyarmu ta haifi tagwaye, maimakon murna sai ta ce ka gani, na mutane ne.”

“Allah ya raya su,” in ji Burul.

“Amin. To ni ga abin da na gani. Motar tawa ce, ƙugiyar taka ce. Ba zan iya ba ka ita ba, ba zan iya riƙe ta ba. Duk Yuni zan kawo maka ita ka yi abin da ake yi da ita, Satumba in je in sauko da ku. Na sa mata birkin waccan, ko a kan bango za ta tsaya.”

“Nawa za ka karɓa?”

“Mutum na biyan haya a kan kayansa?”

Toktosun ya juya ga matarsa. “Tsohuwa, kin ji.”

“Na ce na gama da motarka,” in ji Burul. “Wannan ta Orozali ce.”

Ranar shida ga Yuni suka hau. Orozali na tuƙi, Burul a tsakiya da tukunya a cinya, Toktosun a bakin ƙofa, wurin da bai taɓa zama ba a shekara talatin da ɗaya. Duk lanƙwasa sai ya taka ƙasan motar da ƙafar dama. Ya ce a sa giya ta ɗaya, aka ce a ciki ake. Ya ce injin na kuka, a saurara masa. Ya tambaya wane ne ya matsar da kujerar.

“Baike, ko za ka karɓa?”

Ya daɗe yana kallon sitiyarin. “A'a. Motar mutane ce.” Can kuma ya ce, “Amma ka bi mini ita a hankali.”

Zumar shekarar ba ta fi ta kullum ba, ba ta kuma gaza ba. Jolcu ya hau ya kwana biyu a wurinsu a watan Agusta. Suna zaune a bakin rafi da rana, Toktosun ya tambaye shi, kuma ba wasa yake ba:

“Jolcu, tsakaninka da Allah, na sayar da motar nan ko ban sayar ba?”

“Ka ci kuɗin?”

“Na sayi sukarin ciyar da ƙudan da rabi.”

“To ka sayar da rabi.”

Toktosun bai yi dariya ba, ya dai gyaɗa kai kamar maganar ta kusa shiga amma ba ta zauna ba. Duk wanda ya tambaye shi bayan nan, wata rana ya ce ya rabu da ita, wata rana ya ce tana wurin wani yaro a ƙetaren kogi.

Orozali ya sauko da su lafiya a Satumba. A watan Janairu Toktosun ya fita duba amya a rumbun da suke hutun sanyi, ya sa kunne a jikin kowace yana jin gunjinsu kamar yadda ya saba, ya dawo ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a samo mota zuwa asibiti ya cika. Mu da muka wanke shi mun ga har lokacin akwai kumburin harbi a babban yatsansa. Mutumin kirki ne. Bai taɓa zuba sukari a zumar sayarwa ba, bai kuma taɓa wuce mai tafiya a ƙasa a hanyar dutse bai tsaya ba.

Bayan sadakar arba'in, da baƙi suka ragu, Orozali ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya ce wa Burul yanzu ƙugiyar tata ce. In tana so, ya samu wani mai walda a Narin da ya ce zai iya yanke ta ya ƙarfafa wurin, sai ya kawo mata ita gida. Kubat, da ya zo jana'iza, ya ce hakan ya fi, a rufe maganar, ƙudan ma akwai mai so.

Burul ta leƙa ta taga. Taragon na tsaye a tsakar gida, ƙanƙara ta rufe tayoyinsa.

“Wa zai ɗaga mini amya a can?” ta ce, ba da kowa take ba.

“Ni ina nan,” in ji Jolcu. “Sai dai suna harbina.”

“Suna harbin kowa.”

Orozali na jira. Ta zuba masa shayi ta miƙa masa.

“Kada ka yanke tukuna,” ta ce. “Ka zo a Yuni, mu gani.”